Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Noma: A Sanar Da Manomi Farashi Kafin Ruwa Ya Sauka

Zuwa ga Mai Girma Ministan Noma da Samar da Abinci, Sanata Abubakar Kyari, Abuja.

Ranka ya daɗe,

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar abin da za a shuka damina mai zuwa. Ka fi ni sanin cewa wannan shawara a zaure ake yanke ta, tsakanin watan Maris da Mayu, lokacin da maigida zai leƙa rumbu ya ga abin da ya rage, ya tuna nawa ya sayar da buhu da kaka, sannan ya aika yaro kasuwa ya tambayo masa kuɗin kamfa da yuriya. Daga nan yake raba gonarsa: nan masara, can dawa, gefen fadama shinkafa, jigawa kuma gero da wake. Ko da yake ba a gayyatarka wannan zama, duk lissafin da za a yi a cikinsa da hannunka a ciki, domin farashin kaka da kuɗin taki, duka biyun, sukan bi umarnin da ya fito daga Abuja. Ƙorafina shi ne umarnin kan zo wa manomi bayan ya riga ya binne iri.

Bari in fara da masara, don ita ce babbar shaidar cewa shirin gwamnati yana iya sauya gonakin ƙasa guda. Dattawan ƙasar Funtuwa da Giwa da Saminaka za su gaya maka cewa a da masara abar bayan gida ce, ana shuka 'yan kunyoyi don a gasa da damina kafin gero ya nuna. Tuwo na dawa ne. A tsakiyar shekarun 1970 aka buɗe ayyukan bunƙasa noma na Funtuwa da Gusau da Gombe da kuɗin Bankin Duniya. Aka fitar da hanyoyin karkara, aka baza malaman gona a kan babura, aka kawo farar masara ingantacciya wadda masu bincike na Ibadan da Samaru suka yi aiki a kanta, sannan gwamnati ta ɗauke wajen kashi 80 cikin 100 na kuɗin takin zamani. Babu wanda ya tilasta wa kowa. Manomi ya auna ya ga hektar masara mai taki ta ninka ta dawa, sai ya juya. Cikin shekara goma sha wani abu masara ta cinye gonakin kudancin Katsina da arewacin Kaduna, tuwon masara ya shiga kowane gida, masu kiwon kaji na Kudu suka dogara da ita. Da aka cire tallafin taki gaba ɗaya a 1997, amfani da taki ya faɗi warwas, har sai da aka dawo da kashi 25 a 1999. Masara dai ta zauna, amma ta zauna da yunwarta: ba ta yi sai da taki, taki kuwa sai da kuɗi. Gwamnati ce ta koya wa Arewa noman da ba ya yiwuwa sai da jari, don haka ba ta da bakin cewa kuɗin jarin ba ruwanta.

Haka aka sake yi da shinkafa a zamanin da duk muka gani da idonmu. A watan Yunin 2015 Babban Banki ya hana masu shigo da shinkafa samun dala ta hannunsa. A Nuwamban 2015 marigayi Shugaba Buhari ya je Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers, wanda ya riƙa ba manomi iri da taki da magani da injin ban ruwa bashi, ya biya da shanshera. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai Disamban 2020. Wannan karon ma manomi ya ji kira. Fadamun Argungu da Suru da Auyo da Kura suka cika da shinkafa rani da damina. Ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa da ba su taɓa riƙe fartanya ba suka kama hayar gonaki. Injinan casa manya da ƙanana suka tashi a Kano da Kebbi da Jigawa. Duk mai gaskiya zai yarda an ƙara noman shinkafa ƙwarai.

Amma mai gaskiya zai kuma faɗi sauran. Babban Banki ya zuba sama da naira tiriliyan ɗaya a shirin. A farkon 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 kacal aka biya, Babban Banki ya musa ya ce an biya kimanin rabi. Ko wanne aka ɗauka, rabin kuɗin bai dawo ba. An rubuta sunayen manoman da ba su da ko taƙi ɗaya na gona, an raba kaya a watan Agusta ga mai buƙatarsu a watan Yuni, wasu kuma sun karɓa da niyyar cewa rabonsu ne na siyasa. A Janairun 2022 aka tara dalar shinkafa a Abuja aka ɗauki hotuna, a shekarar kuma buhu ya haura naira 30,000 a kasuwa. Da sabon shugabanci ya zo Babban Banki a 2023, aka rufe wannan babi, aka kuma ɗage takunkumin dala a watan Oktoba. Ban yi kukan rufe shi ba. Banki ba ma'aikatar gona ba ce. Abin da ya dame ni shi ne mutanen da suka sayar da shanu suka sayi injin ban ruwa, da waɗanda suka ci bashi suka kafa injin casa saboda sun gaskata gwamnati, babu wanda ya zaunar da su ya gaya musu mene ne zai maye gurbinsa.

Sai muka shiga zamanin gwamnatin da kake ciki. An cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka saki naira, kuɗin komai ya tashi: huɗar tarakta, maganin ciyawa, fetur ɗin injin ban ruwa, dakon buhu daga gona zuwa kasuwa. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin 100. Buhun shinkafa ya doshi naira 100,000. Magidanta suka koma auno da gwangwani. A Agusta matasa suka fito zanga-zanga, aka yi asarar rayuka a Kano da wasu garuruwa. Ranka ya daɗe, ba na cikin masu cewa da ka naɗe hannu. Yunwa ba ta jira, kuma ƙaramin manomi ma, wanda hatsinsa kan ƙare kafin bazara, mai saye ne rabin shekara. Dole a yi wani abu.

Abin da aka yi shi ne sanarwarka ta watan Yulin 2024: kwana 150 na shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gogewa ba, babu haraji. Da jami'an kwastam suka fitar da ƙa'idoji, har dawa da gero suka shiga jerin. Duba watan, Allah ya ba ka nasara. A Yuli an gama shuka. An yi noman fari, an zuba taki na farko, wasu har sun yi maimai. Manomi ya kashe kuɗinsa yana duban farashin da ke kasuwa a watan Mayu, sai aka sanar da shi cewa hatsin waje zai riga nasa isa kasuwa ko ya tarar da shi a can. Kayan suka ci gaba da sauka har cikin 2025. 'Yan kasuwar da suka saba saye da kaka su ajiye zuwa bazara suka tafka asara, suka janye hannu. Manyan kamfanonin abincin kaji da na casa, waɗanda su ne ke ɗaga kasuwar Dawanau da ta Dandume, suka cika ɗakunan ajiyarsu daga tashar jirgin ruwa. Da kakar 2025 ta zo, a kasuwanni da dama buhun masara mai kilo 100 bai isa ya sayi buhun kamfa mai kilo 50 ba.

Ga yadda lissafin yake a gona. Malaman gona suna koyar da cewa hektar masara tana son wajen buhu 8 na kamfa da 2 zuwa 3 na yuriya. Wanda ya bi wannan, ya sami iri mai kyau, ruwa ya yi masa daidai, tsutsa ba ta ci ƙarfinsa ba, yana iya ɗaukar buhu 35 zuwa 40. Idan buhu ɗaya na masara bai sayi buhu ɗaya na taki ba, to fiye da rubu'in amfanin ya tafi a taki kaɗai. Saura hayar gona, huɗa, iri, feshi, 'yan ƙwadago, karya, ɓare, buhuna, dako, da ladan dillali. Yawancin manomanmu kuwa ba sa kaiwa rabin waccan yabanya. Mai shinkafar rani ya fi shan wuya, domin kowace lita ta ruwan da ke shiga fangalinsa da fetur aka jawo ta.

Manomi ba ya rubuta takardar koke, ba ya kiran taron manema labarai. Amsarsa a gona yake ba da ita. Wanda ya ƙone a masara zai rage ta ya koma waken suya ko riɗi ko dawa, abubuwan da ba sa cin taki. Wanda bai bar ta ba zai zuba buhu uku inda ya kamata a zuba goma, ya girbe abin da ya samu. Ma'aikacin da ya shiga noma don riba zai mayar da gonar haya ga mai ita. Sakamakon ba zai bayyana a teburinka ba sai bayan shekara, lokacin da za a ce masara ta yi ƙaranci, masu kaji suna rufe gidajen gona, farashi ya sake tashi, sai a sake kawo shawarar buɗe ƙofa. Sauƙin da aka samu ta hanyar karya manomi bashi ne aka ci daga rumbun baɗi, kuma talakan birnin da ya yi murna bana shi zai biya. Na san dokin mai baki ya fi gudu. Kukan mai saye a Abuja da Legas ya fi saurin isa fadar shugaban ƙasa a kan na mai gona a Bakori. Aikin ma'aikatarka ne ta zama bakin wancan na biyu a majalisar zartarwa.

Alkama ta isa a yi mata wasiƙa tata daban, amma bari in taɓa ta, don tana nuna illar makara fiye da kowane hatsi. Abin da muke nomawa bai kai kashi 5 cikin 100 na abin da muke ci ba. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da ita a 1987, aka ruɗa manoman Kadawa da gefen Tafkin Chadi suka shiga, aka ɗage hanin a farkon shekarun 1990, suka fita. A Nuwamban 2023 ka je Jigawa ka ƙaddamar da noman alkama na rani da tallafin rabin kuɗin kayan aiki, bisa rancen Bankin Raya Afirka. Niyya ce mai kyau, kuma waɗanda kayan suka isa gare su a kan kari sun amfana. Sai dai alkama 'yar sanyin hunturu ce. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba ake shuka ta. Idan ta wuce haka, zafin Maris zai same ta tana fitar da kai, ƙwayar ta tsotse. Irin da ya iso a Janairu ihu ne bayan hari, ko da kyauta aka bayar. Ƙari a kan haka, wanda aka tallafa wa ya shuka alkama a wancan rani, shi ne ya ji an cire wa alkamar waje haraji bayan 'yan watanni. Hannun dama ya ce shuka, na hagu ya karya farashi, kuma duka hannayen na ma'aikata ɗaya ne.

Akwai kuma waɗanda shirye-shiryen nan suka daɗe da mantawa. Tun daga shirin ciyar da ƙasa na 1976, zuwa na Shagari a 1980, zuwa tallafin taki ta wayar salula na zamanin Akinwumi Adesina a 2012, zuwa yau, ido yana kan shinkafa da alkama da masara, saboda su ne ke cin dala idan an shigo da su. Gero da dawa ba sa cin dala, don haka ba sa samun taro a otal. Alhali daga Sakkwato zuwa Daura zuwa Gumel zuwa Nguru, zuwa jiharka ta Borno, su ne fura da kunu da tuwon dare. Su ne ke jure ɗaukewar ruwa na mako uku, su ne ke yi a ƙasar da masara za ta bushe a tsaye. Najeriya tana cikin manyan masu noman dawa a duniya, amma mai gero har yau irin da ya gada yake shukawa, wuta-wuta tana cinye masa gona, tsuntsaye suna gamawa da saura. Akwai ingantattun iri masu saurin nuna a Samaru da cibiyar binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri. Tsakanin ɗakin binciken da gonar mutumin Machina babu malamin gona, domin yawancin jihohi sun bar hukumominsu na bunƙasa noma sun mutu a tsaye, waɗanda suka yi ritaya ba a maye gurbinsu ba.

Kasuwar gero kuma ba ta san iyaka ba. Abin da ke faruwa a Maraɗi da Damagaram yana taɓa farashin Jibiya da Maigatari da Illela a mako guda. A Oktoban 2024 gwamnatin Nijar ta hana fitar da hatsinta sai zuwa Mali da Burkina Faso. Mu ma mun sha tare tireloli a bakin iyaka da sunan hana fitar da abinci. Duk lokacin da aka toshe wa manomi mai saye, an rage masa dalilin faɗaɗa gona. Haka nan sa'ad da aka rufe ɗakunan ajiya a Dawanau a farkon 2024 da zargin ɓoye abinci. Mai ɓoyewa don cutar da jama'a a hukunta shi, amma a sani cewa ɗan kasuwar da ke saye da kaka ya ajiye, shi ne ke yin aikin da gwamnati ta kasa yi. Idan aka tsorata shi ba tare da an tsaya a gurbinsa ba, kaka za ta zo babu mai saye.

A nan ne nake so in tuna maka da maganarka. A cikin waccan sanarwa ta Yulin 2024 ka ce za a zauna da masu ruwa da tsaki a tsayar da mafi ƙarancin farashin da gwamnati ta lamunce, a sayi rarar hatsi a cika rumbunan ƙasa. Ɓangaren shigo da kaya ya tabbata. Ɓangaren farashin, manomi na nan yana sauraro. Ƙasar nan tana da manyan rumbunan ƙarfe 33 masu ɗaukar kimanin tan miliyan 1.3, amma a 2018 aka amince a ba da hayar mafi yawansu ga 'yan kasuwa. Da yunwa ta matsa a Fabrairun 2024, abin da shugaban ƙasa ya ba da umarnin fitarwa tan 42,000 ne, ga al'ummar da ta haura miliyan 200. Da a ce an cika rumbunan nan a shekarun yalwa, da su za a buɗe a kwantar da kasuwa, maimakon tashar jirgin ruwa ta Apapa. Kuɗin da ya tafi ga manoman wasu ƙasashe da ya tsaya a Giwa da Biu.

Roƙona guda ne, sauran duk rassansa ne. Kafin ƙarshen watan Afrilu na kowace shekara, ma'aikatarka ta fito ta faɗi farashin da za ta sayi buhun masara da dawa da gero da shanshera idan kasuwa ta faɗi ƙasa da shi da kaka. A faɗa da Hausa da Kanuri da Fulatanci a rediyo, a faɗi kasuwannin da za a kafa sikeli, a ware kuɗin a kasafi tun kafin nan, a biya mai kaya a hannu ko a asusunsa cikin kwanaki. A wannan sanarwar kuma a faɗi ƙa'idar buɗe ƙofa: idan farashi ya haura kaza, za a fara da rumbun gwamnati, idan bai isa ba a shigo da adadi kaza, kuma ba za a bari ya sauka a watannin girbi ba. Manomi zai iya rayuwa da farashi mai sauƙi idan ya san shi tun kafin shuka. Zai daidaita takinsa da gonarsa. Abin da ke kashe shi shi ne sauya doka a tsakiyar damina.

Ba sabon abu ba ne. Indiya tana sanar da irin wannan farashi tun tsakiyar shekarun 1960, kuma shi ya taimaka mata ta tashi daga mai karɓar agajin alkama zuwa mai fitar da shinkafa. Sai dai a ɗauki darasinta duka. Da yake shinkafa da alkama hukumar sayen hatsinsu ta fi saye, manoman Punjab sun watsar da sauran amfanin gona sun rungumi waɗannan biyu, har ruwan ƙarƙashin ƙasarsu yana ja da baya kowace shekara. Farashin gwamnati yana jan gona zuwa inda aka nuna. Shi ya sa na sa gero da dawa a jerin, kuma shi ya sa bai kamata a tsayar da shi sama da abin da baitulmali zai iya ɗauka ba. Ƙasa ake so a shimfiɗa wa manomi, wadda ta rufe kuɗin aikinsa da ɗan abin da zai shiga da shi baɗi.

Na san abin da za a ce: za a sace. 'Yan kwangila za su saye da arha a ƙauye su kai wa gwamnati da tsada, kamar yadda aka sha gani, kuma ba mu manta yadda hukumar hatsi ta ƙasa ta ƙare ba kafin a rushe ta a 1986. Wannan tsoro yana da tushe. Maganinsa shi ne a sayi kayan a fili a ranar kasuwa, a ƙayyade buhunan da mutum ɗaya zai kawo, a buga abin da kowane rumbu ya karɓa da abin da ya fitar duk wata don kowa ya gani. Tallafin taki ma, idan za a yi, gara a yi rabinsa a watan Afrilu da a yi cikakke a watan Agusta.

Ban manta da tsaro ba, kuma ba kai zan tuna wa ba, ɗan jihar da aka yanka manoman shinkafa na Zabarmari a Nuwamban 2020. A sassan Zamfara da Katsina da Birnin Gwari akwai gonakin da sai an biya 'yan bindiga kafin a shuka, a sake biya kafin a girbe. Wannan ba a hannunka yake ba kai kaɗai. Amma ranar sanarwa, da watan rabon taki, da sa hannu kan takardar shigo da hatsi, waɗannan a kan teburinka suke. Ruwan shuka kan sauka a kudancin Kaduna tun Afrilu, ya iso Funtuwa a Mayu, ya kai Daura da Gumel a Yuni. Muna roƙon sanarwar ta riga shi.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani manomi daga ƙasar Funtuwa, Jihar Katsina.